Rumbu a Kowane Gari

Karatu: Farawa 41:33-57, Ayyukan Manzanni 11:27-30

Kafin ka ci gaba, ina roƙonka ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan biyu a natse, gama yau za mu yi maganar yunwa, da kuma yadda taimako yakan iso bayan an riga an haƙa kabari.

Idan ka tashi daga Kano ka nufi gabas, ka ratsa Barno da Chadi da Darfur, ka yi ta tafiya har ka isa bakin Kogin Nilu a ƙasar Sudan, za ka tarar da ƙauyuka inda za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa. Kakannin waɗansunsu mahajjata ne da suka bi ta ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na hanya, daga nan zama ya kama su. Waɗansu kuwa gudun Turawa ne ya kai su. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'arsa, Fulani da Hausawa, har suka kafa gari kusa da Sinnar a 1906. Har yau sunan garin Mai Wurno. Da Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, suka buɗe babbar gonar rani ta Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai aikin cirar auduga ya ƙara jawo mutanenmu. Gonar nan ta kai fiye da eka miliyan 2. Ana noma auduga, da dawa, da alkama, da gyaɗa. Ita ce rumbun Sudan, kuma gumin Bahaushe yana cikin abin da ya cika rumbun.

To, ka ji abin da ya sami rumbun nan.

A watan Yuli na 2022 faɗa ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, Berta da waɗansu kabilu, a kan maganar ƙasa da sarauta. Mutum fiye da 100 suka mutu. A watan Oktoba ya sāke tashi a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin 200. Dubun dubatan mutane suka gudu suka bar gidajensu. Kai manomi ne, ko ɗan manomi, saboda haka ka dubi watannin da kyau. Yuli lokacin shuka ne da noman farko. Oktoba kaka ta gabato. Wanda ya gudu a Yuli bai yi noma ba, wanda ya gudu a Oktoba bai girbe ba. Ba sai annabi ya faɗa maka abin da zai biyo baya ba.

Ba a gama share hawayen wannan ba, sai yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023, tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. Mutane wajen 500,000 suka tsere zuwa jihar Jazira, birnin Wad Madani kuma ya zama cibiyar masu aikin agaji. A can Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara kayanta. A watan Disamba na shekarar nan dakarun RSF suka shiga Wad Madani, aka wawashe ɗakin ajiyar. Hukumar ta ce abin da aka kwashe ya wuce tan 2,500, abincin da zai ishi mutum kusan miliyan 1.5 har wata guda. Alkama tana gona a lokacin, ba mai yi mata ban ruwa. A ƙarshen Yuni na 2024 yaƙin ya isa Sinja, babban birnin jihar Sinnar, daidai lokacin shuka kuma. A ƙarshen 2024 an ƙiyasta mutum miliyan 24.6 ke cikin matsananciyar yunwa a Sudan, wato kusan rabin jama'ar ƙasar.

Bari mu koma ga Maganar Allah da wannan labari a zuciyarmu.

Mun saba jin labarin Yusufu tun muna makarantar Lahadi: shanu bakwai masu ƙiba, shanu bakwai ramammu, da shawarar da ya ba Fir'auna a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi. Amma akwai aya guda da muke wucewa da sauri. Ka dubi aya ta 48. Yusufu bai kwashe hatsin Masar duka ya kai fādar Fir'auna ba. A kowane gari ya ajiye hatsin gonakin da ke kewaye da garin. Sa'ad da yunwa ta zo, talaka bai yi tafiyar kwana goma ba kafin ya ga rumbu. Kuma da ɓarayi ko gobara sun ci rumbu ɗaya, sauran suna nan. Ni ban zargi masu agaji da suka tara kaya a Wad Madani ba, gama birnin yana zaune lafiya a lokacin, kuma dole a sauke kaya a wani wuri. Laifin yana kan wanda ya fasa ƙofa ya kwashe abincin marayu, kuma zai amsa a gaban Allah. Duk da haka darasin yana nan. Abincin da aka tara wuri guda, bindiga guda ta isa ta raba mutum miliyan da shi.

Sa'an nan ka dubi ikilisiyar Antakiya. Wani annabi mai suna Agabas ya zo daga Urushalima, ya faɗa ta wurin Ruhu cewa babbar yunwa tana zuwa. Luka ya ce ta auku a zamanin Kalaudiyas, wanda ya yi sarautar Roma daga shekara ta 41 zuwa ta 54. Me masu bi suka yi? Ba su ce bari mu jira mu gani ba. Ba su kafa kwamiti ya je Yahudiya ya ƙidaya gawawwaki ba. Da jin faɗakarwa suka yanke shawara, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, suka danƙa a hannun mutum biyu da aka amince da su, Barnaba da Shawulu, su kuma suka kai wa dattawan da ke zaune a wurin. Ka tuna fa, annabin bai ce yunwar za ta tsallake Antakiya ba. Su ma suna da dalilin ƙulle nasu rumbun.

A nan ne duniyarmu take tuntuɓe, ɗan'uwana. Masu faɗakarwa ba su ƙare ba. A yau akwai masu auna ruwan sama daga tauraron ɗan'adam, akwai masu bin farashin hatsi kasuwa kasuwa, akwai ma'aikatan lafiya masu auna damtsen yara. Agabas ɗinmu suna da yawa, Antakiya ce ta yi ƙaranci. Ga ƙa'idar da hukumomin duniya suke bi kafin su ce yunwa ta tabbata a wani yanki: sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci ƙwarai, sai yara 30 cikin 100 sun rame ramar ciwo, sai kuma ana rasa mutum 2 cikin kowace 10,000 kowace rana. Ƙa'idar tana da amfaninta, don kada kowa ya riƙa ihun ƙarya. Amma ka lura, ba a furta kalmar sai mutane suna mutuwa. Wanda yake jiran sanarwar kafin ya buɗe hannunsa, ihu bayan hari yake shirin yi. A yunwar Somaliya ta 2011 an rasa mutum wajen 258,000, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma kusan rabin mamatan sun riga sun tafi kafin a yi sanarwar a watan Yuli na shekarar.

Mu ma mun gani kusa da gida. Ruwa ya yi ƙaranci a Nijar a 2004, fara ta bi ta cinye waɗansu gonaki. An yi kira tun ƙarshen shekarar. Duniya ba ta motsa ba sai da aka nuna hotunan yaran Maraɗi a talabijin a tsakiyar 2005. Kuma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi a lokacin ya ga gero a buhuna. Kuɗin saye ne babu a hannun talaka. A Sudan kuwa an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur a watan Agusta na 2024, bayan masu faɗakarwa sun yi watanni suna kira. A Disamba gwamnati ta janye daga shirin da ke yin ƙididdigar, ta ce ba ta yarda da sakamakon ba. Masu mulki ba sa son kalmar nan, gama tana tona asiri. Fir'auna, arne ne, amma ya fi su a wannan: da aka gaya masa mugun labari, bai kulle mai faɗa ba, ya ba shi mabuɗi.

To, wa ya ciyar da mutane sa'ad da manyan motocin agaji suka kasa wucewa?

Maƙwabta ne. Mutanen Sudan suna da al'ada da suke kira nafir, ita ce gayya a wurinmu. Matasa a unguwanni suka kafa ƙungiyoyin taimakon gaggawa, suka buɗe wuraren dafa abinci na jama'a da ake kira takaya. Tukunya babba, itace, wake ko shinkafa, mata suna dafawa, kowane gida ya aiko da kwano. 'Yan'uwansu da ke ƙasashen waje suna aiko da kuɗi ta waya, ta Bankak, a saya wa tukunya abin da aka samu a kasuwa mafi kusa. Ba su da ofis, ba su da mota mai tuta. An kama waɗansunsu, an kashe waɗansu, kuma daga ɓangarorin yaƙin duka biyu suka sha wuya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne suka san tsohuwar da ba ta iya fitowa, da gidan da kunya ta hana su miƙa kwano. Kusan dukansu Musulmi ne, kuma ba na jin nauyin in ce sun yi abin da ikilisiyar Antakiya ta yi, har ya kamata mu ji kunya mu koya.

Sai dai tukunyar ta dogara ga igiya mai rauni. A Fabrairu na 2024 aka katse layukan waya da intanet a ƙasar, kuɗi ya kasa shigowa, wuta ta mutu a murhu da yawa. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, BBC kuma ta ba da labari a watan Fabrairu cewa wuraren dafa abincin nan fiye da 1,100 sun rufe, wato wajen 80 cikin 100. Mutum ya sa hannu a takarda a wata nahiya, yaro ya kwana da yunwa a bakin Nilu. Ga ra'ayina, duk mai son gyara aikin agaji, daga nan zai fara. A sa kuɗi da hatsi a hannun mutanen wurin tun da wuri, a amince da su, kuma kada dukan tukwane su rataya ga aljihun mutum ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ko a lokacin rabo akan manta da su. A Jazira, 'yan ƙwadagon gona suna zaune a ƙananan unguwanni a gefen magudanan ruwa, ana kiran ɗaya kambo, da yawa kanabi. Asalinsu daga yammacin Sudan ne da Afirka ta Yamma, har da Hausawa. An haifi iyayensu a can, amma da yawa ba su da gona tasu, ba asibiti, ba makarantar kirki. Sa'ad da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairu na 2025, aka zargi mutanen kanabi da taimakon abokan gaba, aka kai wa waɗansu hari. Wanda sunansa ba ya cikin littafin mai gari a lokacin salama, ba zai shiga jerin masu karɓar hatsi a lokacin yunwa ba. Ikilisiyar farko ta san wannan ciwo. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi gunaguni domin ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, kuma idan ka karanta sunayensu za ka ga duka na Helenanci ne.

Na san abin da wani yake faɗa a zuciyarsa yanzu. Fasto, Hausawan Sudan ai Musulmi ne, me ya haɗa mu? Wataƙila mai wannan tambaya yana da tabo, an ƙone masa shago ko majami'a a wani rikici, kuma da Hausa aka yi masa barazana. Ban raina ciwonka ba. Amma ka tambayi kanka, su wane ne suka zo suka durƙusa gaban Yusufu suna neman hatsi? Waɗanda suka jefa shi rijiya ne, suka sayar da shi azurfa ashirin. Ya cika musu buhuna, ya mayar musu da kuɗinsu a bakin buhu. Masarawan da ya ceta kuwa masu sujada ga gumaka ne. Bulus ya gaya wa Galatiyawa a sura 6 su kyautata wa kowa da kowa, sa'an nan ya ambaci 'yan'uwa masu bi musamman. Bai share na farko don na biyu ba. Kuma ina gargaɗinka, kada ka mai da kwanon tuwo tarko. Wanda ya ce sai ka saurari wa'azina kafin in ba ka mudu, ciniki yake yi. Ubangijinmu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya kuwa san da yawansu za su juya masa baya kashegari.

Ko Yusufu ma ba kome nasa za mu kwaikwaya ba. Ka karanta Farawa 47. Masarawa suka sayi hatsi har kuɗinsu ya ƙare, suka ba da dabbobinsu, suka ba da gonakinsu, a ƙarshe suka ba da kansu bayi ga Fir'auna. Sun rayu, gaskiya ne, amma sun fita yunwa ba su da kome. Littafi ya rubuta abin da ya faru, bai umarce mu mu yi haka ba. A Nijar a 2005 an fara da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, alhali wanda ya fi bukata ba shi da ko dala, sai daga baya aka koma raba shi kyauta. Taimakon da ya iso bayan mutum ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe da garmarsa, ya ceci ransa na bana, ya bar shi cikin yunwar baɗi. Abu ɗaya dai Yusufu ya yi a surar nan da ya kamata mu riƙe, ya ba su iri. A Wad Madani akwai ma'ajiyar irin shuka ta ƙasar Sudan, ita ma yaƙi bai bar ta ba. Masanan ƙasar suka tattara abin da suka iya ceta, a Fabrairu na 2025 aka kai irin dawa da gero da waɗansu can Svalbard, ma'ajiyar iri ta duniya da ke cikin ƙanƙara a arewacin Norway. Su sun gane cewa wanda ya cinye iri ya cinye 'ya'yansa.

Rahoton Nuwamba na 2025 ya nuna an ɗan sami sauƙi a Jazira da Sinnar da Khartum, inda mutane suka fara komawa gida, amma ya tabbatar da yunwa a Al-Fashir da Kadugli. Mu gode wa Allah saboda na farko, kada kuma mu yi barci.

Yanzu kai fa? Kakanninmu sun sa wa yunwar 1914 suna Kakalaba, iyayenmu sun ga ta 1973 da ta 1984, kuma a yau akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Barno da manomi ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi da naka. Kowace kaka muna yin sujadar godiya, a kawo dammunan dawa da buhunan masara gaban bagade. Sau nawa ake gwanjonsu a ranar, a sayi bulo ko lasifika? Ba na ƙin gini. Amma ikilisiyar da take da hasumiya ba ta da rumbun tsimi, ta karanta Farawa 41 da ido ɗaya. Ku ware kashi, ku zuba a buhun nan mai leda a ciki wanda ƙwari ba sa rayuwa a cikinsa, ku ajiye har Yuli da Agusta sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Iri kuma a ajiye shi dabam. Kada ku kai kome hedkwata, kowace majami'a ta riƙe nata. Mabuɗi kada ya zauna a hannun mutum ɗaya, ko da fasto ne. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya sa ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka ta, domin kada a sami abin zargi.

Ku kuma zauna tun yanzu, ciki a ƙoshe, ku yarda a kan alamar da za ta sa a buɗe rumbun, gama ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar yunwa gardama takan yi yawa. A sa wani yaro mai ilimi ya riƙa rubuta kuɗin mudun gero kowace ranar kasuwa. A tambayi Zumuntar Mata, su ne suke shiga gidaje, su ne suke fara ganin macen da ta fitar da kwanonin ɗakinta kasuwa, da gidan da aka koma cin tafasa ba haɗi, da yaron da gashinsa ya yi ja. Ma'aikacin asibitin garinku zai iya nuna musu yadda ake auna damtsen yaro da ɗan tsiri mai launi uku. Idan ya faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira Lahadi. Sa'ad da za ku rubuta sunayen masu bukata, ku je wurin mai unguwa da liman ku rubuta tare, ku kuma leƙa rugar da ke bayan gari da bukkokin 'yan gudun hijira. Abin da za ku aika Sudan kuwa, ku bi ta hannun shugabannin ikilisiyarku su nemi amintacciyar hanya, ku tambaya nawa ne zai isa tukunyar unguwa. Bulus ya ce wa Korantiyawa su riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako, don kada a fara tarawa sai ya iso. Lahadi mai zuwa ranar farko ta mako ce.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai da kake ba mai shuka iri, ka dubi mutanen Mai Wurno da Sinja da Rusairis da Wad al-Mahi, da mazaunan kanabi na Jazira. Ka tsayar da yaƙin Sudan. Ka kiyaye mata da samarin da suke hura wuta a ƙarƙashin tukwanen jama'a, ka buɗe wa motocin abinci hanya zuwa Al-Fashir da Kadugli. Ka ba waɗanda suka koma gonakinsu ruwa da iri da salama da maƙwabtansu. Ka ba dattawan ikilisiyarmu aminci a kan mabuɗin rumbu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.